Shirin ƙayyade lokacin cin abinci a wani asibiti a Zariya: yadda yake ga mai ƙiba da mai ciwon suga

A 'yan shekarun nan maganar ƙayyade sa'o'in cin abinci domin rage ƙiba ta shigo Zariya da ƙarfinta, kuma mafi yawan waɗanda suka rungume ta sun ɗauko ta ne daga Facebook da WhatsApp, inda ake gaya wa mutum ya kame bakinsa na sa'o'i 16, ya ci abin da zai ci a cikin sa'o'i 8 da suka rage, wai shi ke nan teɓa ta zube, suga ya sauka. Ga lafiyayyen saurayi wannan shawara ba ta cika yin ɓarna ba, amma ga magidancin da ke shan ƙwayar ciwon suga safe da yamma tana iya kayar da shi a tsakiyar kasuwa. Wannan ne ya sa na ga dacewar in yi bayani a kan wani shiri da wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a Sabon Gari yake gudanarwa, wanda na shiga a matsayina na mai ciwon suga nau'i na biyu da ke shan ƙwayar metformin, kuma mai tumbin da ya daɗe yana sa tela ƙara yadi. Hukuncina tun daga farko shi ne shirin ya cancanci kuɗin da ake biya, sai dai abin da ya sa ya cancanta ba jadawalin sa'o'in ba ne, domin wannan kowa yana iya samunsa kyauta a waya. Abin da ake saya a wurin shi ne idon likita a kan magungunanka da kuma koyon awon jini.

A ranar farko ba a ba kowa jadawali. Ana yanka kati, a hau sikeli, a zagaya maka awo a ƙugu daidai saitin cibiya, a duba hawan jini, sannan a tura ka ɗakin gwaji a ɗebi jini domin duba lafiyar ƙoda da kuma gwajin HbA1c, wanda yake nuna matsakaicin yawan suga a jini na watanni biyu zuwa uku da suka wuce, ba na safiyar ranar kaɗai ba. Ma'aikaciyar jinyar da ta auna ni ta bayyana cewa ƙugun namiji da ya kai santimita 94, ko na mace da ya kai santimita 80, alama ce ta kitsen ciki mai hana jiki amfani da insulin, wato sinadarin da ke sauke suga a jini, yadda ya kamata, kuma wannan awo ya fi sikeli gaya wa mutum gaskiya. Umurnin da ya fi muhimmanci shi ne na zuwa da duk abin da mutum yake sha a cikin leda guda, na asibiti da na kemis da na gargajiya, har da tsimi da garin ganyen da wani ɗan uwa ya aiko daga ƙauye. Likitan yana juye ledar a kan tebur, ya ware magungunan ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan ne ake yanke shawarar ko mutum zai shiga shirin, ko a sauya masa magani tukuna, ko a ba shi haƙuri gaba ɗaya.

Dalilin wannan tantancewa yana da sauƙin fahimta idan aka bayyana shi yadda aka bayyana mana. Metformin aikinsa shi ne rage sugan da hanta ke sakowa cikin jini, saboda haka da wuya shi kaɗai ya faɗar da suga ƙasa da ƙima ko da mutum ya jinkirta karin kumallo. Glibenclamide kuwa, wanda ya cika kemis-kemis na garin nan saboda arharsa, da 'yan uwansa irin su glimepiride da gliclazide, tilasta wa jiki suke yi ya fitar da insulin, ko akwai abinci a ciki ko babu, kuma glibenclamide ya fi sauran daɗewa yana aiki a jiki. Wanda ya sha shi da asuba ya ce ba zai ci komai ba sai azahar ya ɗora wa kansa haɗarin da ya fi ƙibar da yake gudu. Haka abin yake ga masu yin allurar insulin, waɗanda dole a sake lissafa musu adadin da suke yi kafin su canza lokacin abinci. Akwai kuma sababbin ƙwayoyi irin su dapagliflozin da empagliflozin, masu fitar da suga ta fitsari, waɗanda suke ƙarar da ruwan jiki, kuma suna iya jawo taruwar wani sinadari mai tsami a jini idan aka daɗe ba a ci abinci ba, ko da awon suga bai nuna wani abin tsoro ba.

A gabana wani dattijo daga cikin birni, wajen Ƙofar Doka, ya zo da ɗansa, ya ce tun makon jiya ya fara tsarin da kansa, kuma yana jin jiri da rawar hannu kullum da hantsi, amma an ce masa alamar kitse yana narkewa ke nan. Likitan ya ɗaga fakitin ƙwayar da ya tsinta a ledar, ya ce: "Baba, ku yi haƙuri, wannan jirin ba kitse ba ne, suganku ne yake faɗuwa. Daga gobe ku karya kumallo kamar yadda kuka saba, mu gyara maganin nan tukuna." Dattijon ya ce, "To, likita, Allah ya yi maka albarka," amma fuskarsa ta nuna bai ji daɗin a mayar da shi baya ba. A ganina asibitin da zai iya hana mutum shiga shirin da ya zo biyan kuɗinsa ya nuna inda ya sa gaba. Waɗanda ba a karɓa ko kaɗan sun haɗa da masu ciwon suga nau'i na ɗaya, da masu juna biyu, da masu shayarwa, da yara, da tsofaffin da jikinsu ya yi rauni, da masu ciwon ƙoda, da waɗanda gyambon ciki yake damunsu a lokacin, da wanda sugansa ya taɓa faɗuwa har ya suma a 'yan watannin baya. Irin waɗannan ana rubuta musu takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda ake da ƙwararrun wannan fanni.

Wanda aka karɓa ba a jefa shi cikin sa'o'i 16 kai tsaye. Ana farawa da sa'o'i 12, wato wanda ya ci tuwon dare da ƙarfe 7 ba zai sake sa komai a baki ba sai ƙarfe 7 na safe, kuma mutane da yawa a nan suke gane cewa shayin dare da tsiren bakin titi da taliyar mai shayi su ne rabin matsalarsu. Bayan jiki ya saba ana matsawa zuwa sa'o'i 14, sannan wanda awonsa ya nuna zai iya ya kai 16. An ambata mana ɗaya tsarin da ya yi suna a Ingila tun wajen 2012, wanda ake cin abinci yadda aka saba kwana 5 a mako, a rage shi zuwa kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki) 500 ko 600 a sauran kwana 2, amma asibitin bai cika ɗora masu ciwon suga a kansa ba, saboda yana buƙatar canza magani daga rana zuwa rana, kuma ruɗewa a wannan lissafi ba ta da wuya. A duk tsawon sa'o'in kamewa ana shan ruwa gwargwadon buƙata, ana kuma iya shan shayi ko zoɓo matuƙar babu suga, babu madara, babu zuma. An nanata mana wannan sosai, domin mutanenmu sun saba da azumin ibada wanda ba a sha, kuma wasu suna ɗauka barin ruwan yana ƙara saurin ramewa, alhali a zafin Maris zuwa Mayu na Zariya abin da yake ƙarawa shi ne wahalar ƙoda da ciwon kai. Masu azumin Litinin da Alhamis ba a hana su ba, sai dai an ce su faɗa tun farko domin a tsara musu magani daidai da ranakun.

Darasin awo shi ne ya fi burge ni, kuma shi ne na fi amfana da shi. Ana zaunar da mutane a benci, kowa da na'urarsa ta awon suga, a nuna yadda ake wanke hannu a shanya, a soki gefen yatsa ba tsakiyarsa ba, a ɗiga jini a kan tsinken gwajin, a rubuta sakamako a littafi tare da lokaci da abin da aka ci. Ƙa'idar da aka sa muka haddace ita ce duk lokacin da awo ya nuna ƙasa da 70, ko ya haura 300, ko mutum ya ji gumi mai sanyi da karkarwa da bugun zuciya da duhun gani, to kamewar ranar ta ƙare nan take, babu jiran lokaci ya cika. Idan faɗuwa ce, a sha giram 15 na suga, wato kimanin babban cokali ɗaya a cikin ruwa ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, a jira minti 15 a sake aunawa, idan bai hau ba a maimaita, sannan a bi da abinci mai riƙe ciki. Wanda ya riga ya suma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake nufa da shi. Wata Hajiya ta tayar da hankalinta a ajin saboda na'urarta ta nuna 6.1 alhali ta maƙwabciyarta ta nuna 110, ta ɗauka nata sugan ya ƙare ke nan. Ma'aikaciyar ta karɓi na'urorin biyu ta ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, awonku ɗaya ne," sannan ta bayyana cewa wasu na'urorin suna ƙirgawa da mmol/L, wasu da mg/dL, kuma ana ninka na farko sau 18 a sami na biyu, saboda haka 70 ɗin da ake tsoro shi ne 3.9 a tata na'urar. Ban taɓa jin mai kemis ya yi wa wani wannan bayani a lokacin sayar da na'ura ba, ga shi kuwa rashin saninsa yana iya sa mutum ya sha suga ba gaira ba dalili.

Ɓangaren abinci yana hannun wata masaniyar abinci mai gina jiki, kuma a bakinta shawarar tana da ma'ana ƙwarai, domin da abincin gida take magana. Ta ce a raba faranti, rabi ganye, kwata wake ko kifi ko ƙwai ko nama ko awara, kwata kuma tuwo ko shinkafa, kuma malmalar tuwon kada ta wuce dunƙulen hannun mai ci. Ta yaba wa faten da Zazzagawa suka yi suna da shi, da sharaɗin a cika shi da rama da yakuwa da alayyafo da wake, tsakin ya zama shi ne kaɗan, ba a yi shi da kauri a zuba rabin kwalbar manja ba. Kwaɗon zogale, da alale, da ɗanwake da ba a nutsar a mai ba, da yalo da gwaiba, duk sun sami shiga. Ta kuma rushe wata fahimta da ta zama ruwan dare a tsakanin masu wannan ciwo, cewa tuwon alkama da na acca magani ne da ake ci ba adadi. Dukkansu hatsi ne, dukkansu suna komawa suga a jini, kuma wanda ya cinye malmala uku ta alkama ya fi wanda ya ci ɗaya ta masara ɗaga awonsa. Abin da ta fi jan kunne a kai shi ne abincin farko bayan doguwar kamewa: koko mai suga da waina da biredi a cikin da babu komai suna harba suga sama da sauri, har mutum ya ji yunwa ta dawo kafin la'asar, gara a fara da ƙwai ko wake ko kindirmo marar suga. Fura da nono ba a haramta ba, amma rabin curi, babu suga, kuma a lissafa ta a matsayin abinci, ba abin sha ba.

Takardar da ake rabawa a tafi da ita gida ita ce ta ba ni haushi, domin ta saɓa wa duk abin da matar ta faɗa da baki. An buga ta da Turanci zalla, kuma an cika ta da man zaitun da 'ya'yan itatuwan ƙasashen sanyi da wani kifin teku da babu mai sayar da shi a kasuwar Sabon Gari ko ta Tudun Wada, alama ce ta cewa daga intanet aka kwafo ta ba tare da an waiwayi masu karɓa ba. Uwargidan da za ta dafa abincin, wadda sau da yawa da Hausa ko ajami take karatu, ba za ta ƙaru da komai daga wannan takarda ba, kuma shafi guda da Hausa mai ɗauke da kuka da kuɓewa da daddawa da gyaɗa ya fi ta amfani nesa ba kusa ba. Sun ɗan rage wannan giɓi da wani abu mai kyau, wato roƙon kowane magidanci ya zo da mai yi masa girki a zama na biyu, domin a gidajenmu wanda ke ci ba shi ne yake auna gari ba.

Wahalar gaske ita ce lokacin rufe baki. Asibitin ya fi son a karya da wuri a rufe kafin magariba, bisa dalilin cewa jiki ya fi iya sarrafa suga da rana fiye da dare, amma a yawancin gidajen Zariya babban abinci shi ne tuwon bayan isha'i, lokacin da maigida ya dawo, yara sun taru. Ƙara da biki da suna da walima, inda mayar da kwanon da aka ajiye maka yake zama abin magana. Ni dai na zaɓi in fara da ƙarfe 10 na safe in rufe bayan sallar magariba, kuma likitan bai yi gardama ba, ya ce tsarin da mutum zai iya riƙewa shekara ya fi wanda zai yar bayan mako biyu.

Na kuma yaba da yadda ba su zuzuta abin ba. Binciken da aka yi a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, wanda aka wallafa a 2022, ya bi mutum 139 masu ƙiba tsawon shekara guda, wasu an rage musu abinci kawai, wasu an rage musu an kuma ƙayyade cin daga ƙarfe 8 na safe zuwa 4 na yamma. Rukunin farko ya rage kimanin kilo 6.3, na biyu kilo 8, kuma masu binciken ba su ɗauki wannan bambanci a matsayin tabbatacce ba. Wani binciken na 2023 a Chicago ta Amurka, a kan mutum 75 masu ciwon suga nau'i na biyu na tsawon watanni 6, ya nuna masu ƙayyade sa'o'i da masu ƙirga kalori duk HbA1c ɗinsu ya sauka kusan daidai. Ma'anar wannan ita ce babu wani sirri a cikin agogon, amfaninsa shi ne yana sauƙaƙa wa mutum rage ci ba tare da lissafi ba, kuma ramewar ce take gyara suga. Binciken DiRECT na Birtaniya, wanda ya fito a 2017, ya ƙarfafa wannan, domin kashi 46 cikin 100 na waɗanda aka ɗora a kan tsarin rage ƙiba mai tsanani sugansu ya daidaita ba tare da magani ba bayan shekara guda, kuma a cikin waɗanda suka rage kilo 15 ko fiye adadin ya kai kashi 86. Duk da haka likitan bai yarda a ce an warke ba, ya ce ciwon lafawa yake yi, kuma yana dawowa idan ƙiba ta dawo. A wajena wando ya saki, barcin bayan azahar ya ragu, gwajin watanni uku ya nuna sauƙi, amma metformin yana nan ban daina ba, kuma babu wanda ya yi mini alkawarin zan daina.

Sauran gazawar shirin na gudanarwa ne. Ana ba da lokaci amma ba a cika shi, mutum yakan shafe hantsi a benci, abin da bai dace da wanda aka ce ya zo ba tare da ya karya ba domin gwaji. Zauren WhatsApp da aka buɗe don tambayoyi ya koma dandalin tallan garin magani da saƙonnin barka da Juma'a, tambayar gaggawa kuma tana iya kwana ba amsa, saboda haka kada kowa ya dogara da shi idan jikinsa ya canza. Maganar motsa jiki an taɓa ta sama-sama, an faɗi minti 150 a mako na tafiya da sauri aka wuce, ba a tsaya an yi bayanin cewa mai shan magani bai kamata ya yi doguwar tafiya a ƙarshen sa'o'in kamewa ba tare da ya auna ba. Abin da ya fi ban takaici shi ne a kantar biyan kuɗi an jera wani shayin rage ƙiba na sayarwa, irin wanda likitan da kansa ya ce yawancinsa gudawa da fitsari kawai yake sawa.

Suna da zama na musamman kafin Ramadan, makonni 6 zuwa 8 kafin ganin wata, kamar yadda ƙa'idar Ƙungiyar Masu Ciwon Suga ta Duniya ta tanada, kuma wannan ya dace ƙwarai, domin wani babban bincike da aka yi a ƙasashen Musulmi 13 a kan azumin 2001 ya gano mummunar faɗuwar suga ta ninka sau 7.5 a tsakanin masu nau'i na biyu a cikin watan. A zaman ana tsara lokacin shan magani tsakanin sahur da buɗa baki, ana kuma tunatar da mutane fatawar malamai cewa sukar yatsa don awo ba ta karya azumi. Wanda zai shiga shirin ya shirya wa kuɗin tsinken gwaji, domin shi ne yake cin aljihu fiye da kuɗin rajista, musamman a makonnin farko da ake aunawa sau da yawa a rana. Kafin sayen na'ura a zagaya kemis-kemis na PZ da Samaru a tabbatar tsinkenta yana samuwa, domin kowace na'ura da irin nata, a duba ranar lalacewa a jikin gwangwanin, a riƙa rufe shi da zarar an ciro guda, kuma kada a bar shi a cikin mota da rana, saboda zafi da laima suna ɓata sakamako.